Bin Sawun Hotunan Jahangir, Daga Delhi Zuwa Khuldabad

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Janpath a birnin Delhi akwai ɗakin da aka rage wa haske da gangan, don kada launin tsofaffin zane-zane ya koɗe. A nan na fara yin ido huɗu da Nuruddin Jahangir, sarki na huɗu a daular Mugal, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627. Hoton ƙarami ne, sai ka matso dab da gilashi kafin ka ga irin aikin da aka zuba a ciki. Sarki ya ba da gefen fuska, yana riƙe da wani hoton a hannunsa, na Nana Maryam, yadda Turawa ke zana ta. Bayan kansa kuwa da'irar haske ce ta ruwan zinariya. An zana shi wajajen 1620, yana ɗan shekara hamsin da 'yan kai.

Fuskar ta fi zinariyar riƙe ni. Fatar ido ta yi nauyi, haɓa ta fara saki, gajiya ta bayyana. Wannan mutum ne da ya rubuta da hannunsa, a littafin tarihin rayuwarsa, cewa akwai lokacin da yake shan kofi ashirin na barasa mai ƙarfi a rana, har hannunsa ya riƙa rawa. Mai zanen bai rufa masa asiri ba. Ya ba shi fuskarsa yadda take, sannan ya kewaye ta da abin da sarki ke so duniya ta gaskata. Tun daga wannan ɗaki har ƙarshen tafiyata, abin da na yi ta gani ke nan: gaskiya a fuska, buri a duk abin da ke kewaye da ita.

Sana'ar ta shigo gidan ne ta hannun kakansa Humayun, wanda aka kora daga mulki, ya yi gudun hijira a Farisa, ya dawo Delhi a 1555 tare da gwanayen zane biyu, Mir Sayyid Ali da Abdus Samad. Ɗansa Akbar ya mayar da abin babbar ma'aikata, Musulmi da Hindu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, har suka fitar da labarin Amir Hamza cikin manyan zane-zane wajen 1,400. Abul Fazl, marubucin fadar, ya ce Akbar ya sa an zana dukan manyan fadawansa an haɗa cikin kundi guda. Kuma ya san akwai malamai da ke ƙyamar zanen mai rai, domin ya kawo amsar da Akbar ke ba su: wai mai zane ya fi kowa sanin gazawarsa, tunda yana iya fitar da gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya amma ba ya iya hura rai, sai hakan ya tuna masa da Mai rayarwa. Mai karatu na iya karɓar hujjar ko ya ƙi ta. Muhawara ce da aka yi a cikin fadar kanta, tsakanin Musulmi da Musulmi, kuma ba ta taɓa mutuwa ba.

Kafin na bar Delhi na shiga Lal Kila, jar fadar da Shah Jahan ɗan Jahangir ya gina tsakanin 1639 da 1648. A zauren da sarki ke sauraron talakawa akwai wata baranda ta farin marmara, an ɗaga ta sama da tsayin mutum, can yake zama. Bangon bayanta an manna masa ƙananan allunan baƙin dutse masu hotunan tsuntsaye da furanni, aikin birnin Florence na Italiya, a can sama kuma akwai Orfiyus na tatsuniyoyin Girka yana kiɗa, namun daji sun kwanta a gabansa ba mai taɓa wani. Masana na danganta wannan da gadon mulkin Annabi Sulaimanu, wanda tsuntsaye da dabbobi suka yi wa biyayya. Sojojin Ingila sun ɓamɓare wasu daga cikin allunan bayan tawayen 1857, aka kai Landan, sai a 1903 aka dawo da su. Gadon zinariyar Shah Jahan mai adon dawisu kuwa tun 1739 Nadir Shah ya tafi da shi Farisa. Haka mafi yawan shahararrun hotunan da na zo nema: suna Washinton, Dublin, Landan, Paris da fadar Windsor. Abin baƙin ciki ne ɗan Agra ya nemi biza kafin ya ga abin da aka zana a garinsu. Ni dai littafi mai kwafinsu na riƙe a jaka, ina buɗewa a duk inda na tsaya.

Jirgin ƙasa mai sauri ya kai ni Agra cikin ƙasa da awa biyu. Jama'a na rububin Taj Mahal, ni kuwa na nufi ganuwar jan dutse da Akbar ya fara ginawa a 1565. A wani fili da ke kallon kogin Yamuna akwai faffaɗan baƙin dutse, ya tsage a gefe, rubutun Farisanci ya zagaye bakinsa. Gadon Jahangir ne, an sassaƙa masa shi a Allahabad a 1602, lokacin yana yarima mai tawaye ga mahaifinsa, ya naɗa kansa sarki shekara uku kafin lokaci. Daga wannan ɓangare na ganuwar ne, bisa faɗarsa, ya sa aka rataya sarƙar zinariya mai ƙararrawa 60, ɗaya bakin a kan hasumiya, ɗaya a jikin wani turken dutse a gaɓar kogi, don duk wanda aka zalunta ya girgiza, sarki ya ji da kunnensa. Ya ce shi ne umarninsa na farko da ya hau mulki. Sarƙar ta daɗe da ɓacewa daga Agra, amma tana nan a hotunansa.

Ɗan jagoran da na ɗauka, dattijo mai jan lalle a gemu, ya nuna mini ƙaramar tagar da sarki ke leƙowa kowace safiya da fitowar rana. Sunanta jaroka. Ya ce, "Sahab, akwai mutanen da ba sa karyawa sai sun ga fuskarsa." Littattafan zamanin Akbar sun tabbatar da haka. Da na tsaya ina kallon tagar daga ƙasa sai na gane daga ina tsarin hotunan ya fito. Sarki a cikin firam, sama da kowa, haske a bayansa. Ginin da zanen magana ɗaya suke yi. A kundin Padshahnama na zamanin Shah Jahan, mai zane 44, wanda sarkin Awadh ya ba Sarki George na Uku na Ingila kyauta a ƙarshen ƙarni na 18, za ka ga fadawa cunkushe sahu-sahu, kowa da fuskarsa ta gaskiya, wasu har da sunansu rubuce a wuyan riga ko rawani. Duk yawan cunkoson ba ka ɓata lokaci wajen neman sarki. Da'irar hasken tana yin aikin da laima ke yi a hawan sallah: tun daga nesa ta gaya maka inda zaki yake.

Hasken yana da tushe fiye da ɗaya. Farisawa tun da can sun yi imani cewa sarauta wani haske ne da ke sauka a kan wanda aka zaɓa, Abul Fazl kuma ya ɗauki wannan ya gina wa Akbar. Indiya kanta ta daɗe tana sassaƙa da'ira a bayan kan gumakan Buda. Na uku kuwa ya iso ne a Fatehpur Sikri, birnin da ke da nisan kilomita wajen 40 daga Agra, inda limaman Katolika 'yan ƙungiyar Jesuit suka sauka daga Goa a 1580 ɗauke da Baibul bugun Antwerp da hotunan waliyyansu. Masu zanen fada suka kwaikwayi inuwa da zurfi, suka ɗauki jarirai masu fukafukai da ƙwallon duniya, suka juya su zuwa hidimar sarkinsu.

Fatehpur Sikri yau kango ne mai kyau, iska na yawo a cikin zauruka. A wani gida da ake kira na Maryam akwai ragowar zanen bango, ya dushe ƙwarai. Inda rai yake shi ne hubbaren Shehu Salim Chishti, farin marmara a tsakar masallaci, mata na ɗaura jan zare a jikin tagogin da aka huda kamar raga, suna roƙon haihuwa. Akbar ma abin da ya kawo shi ke nan. Ya rasa magaji, shehin ya yi masa albishir, aka haifi yaron a nan a 1569, aka raɗa masa Salim. Shi ne Jahangir.

A hanyar Ajmer na yada zango a Jaipur, inda har yanzu akwai masu wannan sana'a. Na zauna a ɗakin wani tsoho da almajiransa ke kira Ustad. Yana zaune a ƙasa, allo a kan gwiwa. Takardar da yake aiki a kai falle-falle ce da aka liƙa ta yi kauri. Launukan garin dutse ne da aka niƙa aka kwaɓa da ƙaro, kowanne a cikin 'yar kwasfar katantanwar ruwa. Shuɗin da magabatansu suka fi daraja daga duwatsun Badakhshan na Afganistan yake zuwa. Burushin gashin jelar kurege ne, bakinsa ya tsuke har ido ba ya rabe silin ƙarshe. Idan ya shafa launi ya bushe, sai ya kife takardar a kan dutse mai santsi ya goge bayanta da dutsen aƙiƙ, launin ya kwanta ya ɗauki sheƙi, sannan ya ƙara wani. Na kalle shi yana fitar da gira guda, sili bayan sili, yana riƙe numfashi a kowane ja. Sai a lokacin na daina ɗaukar maganar Jahangir a matsayin cika baki, inda ya ce ko mutum ɗaya ya zana fuska wani ya zana ido da gira, shi zai iya faɗin hannun kowa. Mutumin da ya laƙaba wa masu zanensa Abul Hasan da Mansur manyan laƙabai, ya ba Bishandas kyautar giwa saboda hoto, ya san abin da yake kallo. Sha'awar tasa ma har ta kai inda take tayar da hankali: a 1618 aka kawo masa bafadensa Inayat Khan, giya da ofiyom sun cinye shi ya zama ƙashi da fata, sai ya sa masu zane su ɗauki siffarsa kafin ya cika. Zanen yana nan, a Boston da Oxford, ba wanda zai kalle shi bai ji tausayi ba.

Ajmer ce zuciyar tafiyar. Jahangir ya zauna a nan kusan shekara uku, daga 1613 zuwa 1616, kusa da hubbaren Khwaja Mu'inuddin Chishti, wanda ya rasu a 1236. Hanyar shiga ƙunci ce, cike da masu sayar da furen wardi a faifai da mayafan rufa kabari. A ciki akwai manyan tukwane biyu da sai an taka matakala ake leƙa cikinsu, babbar ta Akbar, ƙaramar ta Jahangir, har yau ana dafa abincin sadaka a cikinsu. A garin nan ne zazzaɓi ya kwantar da shi a 1614. Da ya warke sai ya huda kunnuwansa ya sa lu'ulu'u, alamar shi bawan Khwaja ne, fadawa kuma suka bi sahu. Don haka ɗan kunnen da ake gani a hotunansa na bayan wannan shekara shaidar wani alwashi ce da ya ɗauka yana kwance.

Na zauna a farfajiyar, masu ƙawwali na rera yabo, na buɗe littafina a shafin aikin mai zane Bichitr, wanda asalinsa ke gidan tarihi na Freer a Washinton. Jahangir na zaune a kan ƙatuwar kwalbar yashi irin wadda Turawa ke auna lokaci da ita. Hasken bayan kansa ya haɗa rana da jinjirin wata, ya kusa cinye rabin shafin. Mutum huɗu ne a gabansa, jere daga sama zuwa ƙasa. Na farko Shehu Husaini, mai kula da wannan hubbare da nake zaune a cikinsa, farin gemu, ya shimfiɗa mayafinsa yana karɓar littafi daga hannun sarki. Ƙasa da shi sarkin Turkiyya. Ƙasa da wannan Sarki James na Ɗaya na Ingila, an kwaso shi daga wani hoton Turawa. Can ƙarshe Bichitr da kansa, Bahinde, riƙe da ɗan ƙaramin hoto. Saƙon a fili yake: sarakunan duniya na tsaye suna jira, shi kuwa ya juya ga mutumin Allah. Amma ka dubi ƙasan kwalbar. Yashi ya kusa gama zuba. Jarirai biyu masu fukafukai na rubuta masa fatan shekara dubu a jikin gilashin, wasu biyu a sama sun juya baya, ɗaya ya rufe fuska da hannu. Ban san wani hoton sarauta da ya haɗa girman kai da tsoron mutuwa a shafi guda kamar wannan ba.

Ba kuma zan ɓoye abin da ya dame ni ba. Sarkin da aka zana yana fifita shehi a kan sarakuna, shi ne ya tura Shehu Ahmad Sirhindi kurkukun Gwalior a 1619. Shi ya ce girman kai da abin da shehin ya rubuta ne dalili. Mabiyan shehin suka ce ƙin yi masa sujada ne. Sujadar fada ta ci gaba har sai da Shah Jahan ya soke ta a 1628.

James ya shigo hoton ne ta hannun jakadansa, Sir Thomas Roe, wanda ya fara gurfana gaban Jahangir a nan Ajmer cikin Janairun 1616, a fadar Akbar da yanzu ta zama gidan tarihi. Tagar da sarki ke leƙowa tana nan bisa ƙofa. Roe ya zo neman izinin ciniki wa kamfanin 'yan kasuwar Ingila, yana alfahari da wani ƙaramin hoto da ya zo da shi. Sarki ya ara, bayan wani lokaci ya kira shi da dare ya jera masa guda shida, ya ce ya zaɓi nasa. Roe da kansa ya rubuta cewa da ƙyar ya gane shi a hasken kyandir. Daga baya sarki ya ba shi ɗan hoton kansa mai ratayen zinariya, irin wanda yake ba zaɓaɓɓun fadawa su maƙala, alamar sun zama nasa.

Akwai kuma aikin Abul Hasan na wajajen 1618, inda Jahangir ya rungume Shah Abbas na Farisa, su biyun a tsaye bisa ƙwallon duniya. Jahangir dogo ne, kan zaki yake. Shah ya ranƙwafa, kan ɗan rago yake, zakin kuma ya miƙe har ya danne ƙasar Farisa a taswirar. Fuskar Shah ta gaskiya ce, domin an tura Bishandas tare da jakada a 1613 takanas don ya zano ta. Sarakunan biyu ba su taɓa haɗuwa ba. A 1622 Shah Abbas ya ƙwace Kandahar daga hannun Jahangir.

Hoto na uku shi ya sa na yi doguwar tafiya kudu, zuwa Dakkan. Yana ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin, shi ma aikin Abul Hasan. Jahangir na tsaye kan ƙwallon duniya, ƙwallon a bayan sa, san a bayan kifi. Ga sarƙar ƙararrawar nan ta Agra, ga ma'aunin adalci rataye a jikinta. Sarki ya ja baka, yana harbin kan wani baƙin mutum da aka sare aka soke a tsinin mashi, mujiya na zaune a bisa kan. Kan Malik Ambar ne.

An haifi Ambar a ƙasar Habasha wajajen 1548. Aka sayar da shi yana yaro, ya bi ta hannaye har Bagadaza, inda ubangidansa ya karantar da shi, daga nan aka kawo shi Indiya, wazirin masarautar Ahmadnagar, shi ma Bahabashe, ya saye shi. Ya sami 'yanci bayan mutuwar wazirin, ya tara runduna, ya zama shi ke naɗa sarki a Ahmadnagar. Fiye da shekara ashirin yana tare wa Mugal hanyar kudu da mahayan Maratha masu kai farmaki su ɓace. An ci shi a wasu fagage, an ƙona birninsa, amma bai taɓa shiga hannu ba, a 1624 kuma ya ragargaza haɗakar rundunar Mugal da Bijapur a Bhatvadi. Jahangir ya tsane shi, yana zaginsa da launin fatarsa a littafinsa. A matsayina na baƙar fata, na daɗe ina kallon wannan shafi raina a ɓace. Gwaninta ce ta ƙarshe aka sa a hidimar wulaƙanci. Kuma kisan bai taɓa faruwa ba: Ambar ya mutu a 1626 da tsufansa, yana dab da tamanin, shekara ɗaya kafin Jahangir.

Birnin da ya kafa a 1610 da sunan Khadki shi ne ya zama Aurangabad, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar. Mutanen garin har yau suna kiran magudanar ruwan da ya haƙa ta ƙarƙashin ƙasa da sunansa, Nahar Ambari. Kabarinsa na Khuldabad, tafiyar ƙasa da awa guda a mota, kusa da kogunan dutsen Ellora. Gini ne na baƙin dutse mai ƙubba guda da tagogi masu huda, ba cunkoso, ba mai sayar da fure. A garin nan dai aka binne Aurangzeb, jikan Jahangir, wanda ya soke al'adar leƙowa ta jaroka, ya ƙare shekarunsa na ƙarshe yana yaƙi a wannan Dakkan ɗin har ya rasu a 1707, ya bar wasiyyar a yi masa kabari na ƙasa, ba rufi. A zamaninsa fada ta ja baya da zane, gwanaye da yawa suka watsu zuwa gidajen sarakunan Rajput.

Da labarin mutuwar Ambar ya isa arewa, Mu'tamad Khan, marubucin da ya ci gaba da tarihin Jahangir bayan rashin lafiya ta hana sarki riƙe alƙalami, ya rubuta cewa ba shi da na biyu a yaƙi da shugabanci da tsara mulki, kuma tarihi bai san wani bawa Bahabashe da ya kai matsayinsa ba. Akwai kuma hotonsa da Hashim ya zana, wanda ya shiga kundin sarakunan Mugal, yanzu yana gidan tarihin Victoria da Albert a Landan. Ambar na tsaye shi kaɗai ya ba da gefen fuska, ƙaƙƙarfan dattijo cikin farar riga, takobi a tare da shi, kansa a kan wuyansa.